Raket ɗin Auta Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da abin da ban san ranar fitarsa ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da maƙwabta rasuwar raket ɗin sukwash na 'yata Auta, wanda ya riga mu gidan gaskiya a bayan kicin ɗinmu, a hannun mutanen da ya amince da su. Ya rasu da ƙuruciyarsa, ko shekara bai cika a gidan nan ba. Ina wannan sanarwa ne a madadin mai shi, yarinya 'yar shekara tara, domin ita tun da abin ya faru maganarta ba ta fi a ƙirga ba. Ni kuwa uwarta bakina bai mutu ba, kuma ba zan yi shiru ba sai kowa ya ji.

Kafin masu gaisuwa su fara tambayata ko wane ne marigayin, kamar yadda wasu suka riga suka yi, bari in gabatar da shi. Sukwash wasa ne da ake yi a cikin rufaffen ɗaki, mutum biyu na dukan wata 'yar ƙwallon roba, tana bugun bango tana dawowa. Abin dukan shi ne raket: mariƙi, da siririn wuya, da kai mai raga. Marigayi ba raket ɗin tanis ba ne. Ba kuma na kashe sauro ba ne, wannan ina so kowa ya riƙe shi da kyau saboda abin da za a ji nan gaba. Shuɗi ne mai ratsin fari, gajere, marar nauyi, an ƙera shi domin hannun yaro, kuma duk tsawon rayuwarsa bai taɓa neman ya zama wani abu dabam ba. Mutanen gidan nan ne suka yi ta nema masa wasu ayyukan.

Ba za a gane girman wannan rashi ba sai an san irin gidan da marigayi ya shigo. A gidanmu ba a saya wa yaro abu daidai shi. Doka ce da maigidana ya gada, yana kuma alfahari da ita: duk abin da za a saya a ƙara lamba biyu, yaro zai girma ya tarar da shi. Auta ita ce ta huɗu, don haka ita abin ya fi ci. Abin da ba a saya mata da girma ba, to na yayyenta ne da suka gama shanye masa rai. Ta fara makaranta da takalmin da aka cusa wa auduga a gaba, tana tafiya yana bin ta a baya, fat, fat. Rigar makarantarta sai an nannaɗe hannun kafin a ga yatsunta. Keken da aka saya mata har yau ƙafarta ba ta kai feda ba, ga shi can jingine ya yi tsatsa yana jiran ta girma. Abin takaicin ma, kafin ta tarar da kayan sun riga sun mutu, ranar da takalmi ya yi mata daidai ranar ce tafinsa ke ɓallewa. Yarinyar nan ba ta taɓa ƙorafi ba. Ta ɗauka haka duniya take, komai sai ka riƙe shi da hannu ɗaya kada ya zame.

Ni ina aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti, kuma a bayan gininmu akwai ɗakin wasanni na ma'aikata. Idan an tashi makaranta Auta takan zo ta jira ni in gama, to a can ta sami wurin zama, a kan benci, tana leƙen masu sukwash ta bangon gilashi. Kocin yara ya gaji da ganin hancinta manne da gilashinsa, wata rana ya miƙa mata raket na aro ya ce ta shigo. Na manya ne, domin su kaɗai suka rage a kabad ɗinsa. Ta yi ta fama da shi hannu biyu kamar mai faskare, ba ta gaya wa kowa komai ba. Sai da na ga tana ɗaukar kofin shayi da hagu na kama wuyan hannunta na dama na latsa, ta yi tsalle. Wuyan hannu aikina ne, kullum shi nake murzawa. Na je wurin Koci da faɗana a baki, sai ya riga ni magana.

"Maman Auta, yarinyar nan tana da ido, tana da ƙafa," ya ce. "Raket ne ba ta da shi. A nemo mata na yara, gajere, marar nauyi, mai siririn mariƙi. Kuma ku tafi da ita shagon, kada ku saya a bayan idonta. Hannunta ne zai zaɓa, ba ku ba."

Haka muka ɗunguma shagon kayan wasanni, ni da ita da babanta, wanda ya ce zai raka mu don kada a cuce mu. Muna shiga ya wuce layin na yara ko kallo bai yi ba, ya je ya ciro wani zabgegen baƙin raket daga can sama, ya kaɗa shi a iska har ya kusa sauke kwalin ƙwallaye.

"Yawwa, ga kaya," ya ce. "Wannan har jami'a."

Mai shagon ya gane wanda ke riƙe da aljihu, nan take ya bi bayansa. "Ai yallaɓai ya san abu mai kyau. Yaran yanzu girma suke kamar ana hura su."

Na ce a ba ta ta riƙe. Koci ya koya mini gwajin: yaro ya tsaya cak, ya saki hannu ƙasa da raket a ciki, idan kan ya taɓa ƙasa to ya yi masa tsawo. Auta ta saki hannu, kan raket ɗin ya daki tayil, ƙwal. Yatsunta ko rabin mariƙin ba su zagaye ba.

"Za ta girma ta tarar da shi," in ji babanta.

"Abban yara, kafin ta tarar da shi wuyan hannun ya lalace. Ko shi ma akwai babba a shagon nan da za a saya a ajiye mata?"

Ban cika ɗaga murya a gaban mutane ba, amma ranar na ɗaga. Na sa aka sauko da duk na yaran, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani kansa ya yi nauyi, yana rinjayar hannunta gaba. Wani mai hotuna a jiki ya yi gajarta, na ƙananan yara ne sosai. Wani kuwa ƙarfe ne zalla, ko tafin hannu ka buga shi sai ka ji girgizar har gwiwar hannu. Babanta ya koma bakin ƙofa yana duba agogo yana tsaki. Sai ga marigayi a can ƙarshen layi, a bayan sauran, ba wanda ya damu da shi. Ta riƙe shi ta saki hannu, kansa ya tsaya sama da ƙasa kaɗan. Yatsunta suka zagaye mariƙin suka bar 'yar tazarar da yatsa ɗaya zai shiga, kamar yadda Koci ya ce. Ta kaɗa shi sau ɗaya, ta sake kaɗawa, sannan ta ɗago ta dube ni da mamaki.

"Umma," ta ce a hankali, "wannan ba ya ja na. Ni nake jan shi."

Na juya ina kallon takalman gudu don kada mai shago ya ga idona. Shekara tara yarinya na duniya, sai ranar ta riƙe abin da aka yi domin ita a yadda take, ba a yadda za ta zama wata rana ba. Babanta ya biya yana mita, har muka isa gida yana cewa an sayi abin da za a jefar baɗi.

Marigayi mai sauƙin hali ne, bai taɓa zame wa kowa kaya ba. Ba ya cin wuta, ba ya shan mai, ba ya neman caji. Wurin kwanansa ƙusa ɗaya ce a bayan ƙofar ɗakin 'yan mata. Ba mai yawan magana ba ne, amma waɗanda suka san shi ba za su manta da muryarsa ba. Idan ƙwallo ta sami tsakiyar ragarsa yakan ce "tau!" a taƙaice, kamar wanda ya yanke hukunci. Idan ta sami gefe sai ya ce "ƙwas" cikin ladabi, ba tare da ya kunyata mai shi ba. Kafin a fara wasa Auta takan buga ragar a tafin hannunta, shi kuma ya amsa "tin, tin, tin", wato yana nan. Da wannan 'yar muryar ya fito da yarinyar da ba ta iya amsa gaisuwar baƙo sai ta ɓuya a bayana, har ta kai tana yi wa yaron da ya girme ta gardama a kan ko ƙwallo ta taɓa layi. Ciwon wuyan hannu ya tafi. Koci ya sa ta cikin waɗanda za a gwada ranar Asabar ɗin nan, domin zaɓen yaran da za su wakilci ɗakin wasan. Wannan gwajin shi take kwana da shi take tashi da shi.

Rashin lafiyar marigayi ta fara ne da zuwan ƙanin maigidana, wanda yara ke kira Baba Ƙarami. Ya zo ne "kafin ya sami wuri", kuma wurin har yau ana nema. Mutum ne mai fara'a, mai son taimako, wanda bai taɓa ganin abu a rataye ya bar shi ya huta ba. Bai daɗe da sauka ba na tarar da shi a falo da marigayi a cinya, ya ɓamɓare murfin gindin mariƙin da wuƙar kicin, yana leƙa ciki da fitilar waya.

"Matar Yaya, an cuce ku fa," ya ce. "Wannan abin sauron ba shi da wurin caji. Tun ɗazu nake dukan su, ko ƙara ba ya yi."

Na yi masa bayanin da ko jariri zai gane. Ya yi dariya ya ce to ai shi ke nan, ya mayar da murfin ya liƙe shi da cingam. Da cingam ɗin da ke bakinsa.

Tun daga ranar ƙofa ta buɗe, domin yara sun ga babba ya taɓa kuma sama ba ta faɗo ba. Babbar yayarta ta kakkaɓe katifa da shi. Yayanta namiji ya zaro takalminsa daga ƙarƙashin gado da shi, ya kuma sauke yanar gizo-gizon da ke silin. Wata rana na ga ƙafar kyankyaso maƙale a ragar, guda ɗaya, mai gashi-gashi, kuma duk gidan aka rasa wanda ya san yadda ta hau. Duk lokacin da aka yi haka Auta takan jira su gama. Sai ta ɗauki tsohon buroshin haƙori da sabulu ta shiga banɗaki, ta bi ragar gida-gida tana wankewa, ta goge shi da tawul ɗin fuskarta. Na yi magana, na yi faɗa, daga baya na buga masa sabuwar ƙusa a cikin ɗakina. Babansu ya ce ina raba kan 'ya'ya a kan sanda mai raga, wai a gidan da ake zaman lafiya babu "nawa". Na dai lura ba a taɓa kakkaɓe katifa da kwamfutarsa ba.

Ajali ya zo ranar Litinin, ina wurin aiki, Auta na makaranta. A bayan kicin ɗinmu akwai rami mai murfin siminti, inda ruwan wanke-wanke da na banɗaki ke haɗuwa kafin su wuce. Ya toshe, ruwa ya fara dawowa tsakar gida. Kafin in fita na ce a kira mai gyaran famfo. Babansu ya ce ina amfanin ƙato a gida idan sai an kira wani. Abin da ya biyo baya daga bakin Baba Ƙarami na ji shi daga baya, kuma da alfahari yake ba ni labarin. Bakin bututun da ke cikin ramin ƙunci gare shi. Shebur bai shiga ba. Abin kwasar shara ya shiga, amma ruwa kawai yake kwasowa. Ludayin miya kuwa, ya ce, ai ba zai yi mini haka ba, shi ma yana da hankali. Sai ya tuna da marigayi. Ya shiga har ɗakina, ɗakin matar yayansa, ya sauko da shi daga ƙusa, ya zaro shi daga jakar robar da ake ajiye shi ciki.

"Wallahi kamar don ramin aka yi shi," ya ce. "Ga shi gajere, ga shi siriri, ga ba nauyi. Sannan ragar nan, ruwa ya wuce, kaya ya tsaya."

Gajere, siriri, marar nauyi. Duk abin da na tsaya a shago na yi rigima a kansa, shi ya kai shi ramin nan.

Ba zan ɓoye wa masu makoki abin da marigayi ya ɗauka a ƙarshen rayuwarsa ba, domin ni ma ba a ɓoye wa hancina ba. Daskararren maiƙo fari-fari mai kaurin katifa. Dunƙulen gashi na shekara da shekaru, wanda kowa a gidan nan yake da kaso a ciki. Ƙunzugun jariri da wata baƙuwa ta tura a masai ta yi tafiyarta. Soson wanka da aka daɗe ana cigiya. Da sauran abin da ke fitowa daga banɗaki, wanda ba sai na kira sunansa ba. Duk ya ɗauka bai ce komai ba. A ƙarshe suka iso ga ainihin abin da ya toshe hanyar, wani ɓera da ya mutu ya kumbura har gashinsa ya saɓule, ya cika bakin bututun tam. Baba Ƙarami ya zura marigayi ƙarƙashinsa, ya dafe bakin rami da ƙafa, ya danna mariƙin da duk ƙarfinsa. Ɓeran ya fashe. Wuyan marigayi ya ce "ƙaras". Wannan ce maganarsa ta ƙarshe, kuma mai shi ba ta nan balle ta ji.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce tsautsayi ne na haɗiye. Amma ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Baba Ƙarami ya ɗauraye gawar a famfo sama-sama, ya naɗe karyayyen wuyan da baƙin salatif na wayar wuta, ya fesa mata turarensa, ya mayar da ita cikin jaka tana ɗiga, ya ja zif, ya rataye a ƙusa. Babansu na tsaye yana kallo. Ba wanda ya gaya mini, ba wanda ya gaya wa yarinyar. Da na dawo na ji wani bashi-bashi a ɗaki, na ɗauka daga tsakar gida yake shigowa, tunda ranar duk gidan warin rami yake. Haka gawar ta kwana ta wuni a jakar roba a rufe, cikin zafin nan.

Washegari ranar atisaye ce. Auta ta rataya jakarta kamar kullum, har da ɗan tsallenta. A gaban sauran yara, waɗanda za ta kara da su ranar Asabar, ta durƙusa a bakin ƙofar gilashi ta zuge zif. Ɗakin sukwash ba shi da taga. Ina zaune a benci na ga yaran sun watse, kowa ya toshe hanci da wuyan riga. Wani ya fara kakarin amai. Wata ta ce, "Wayyo, daga masai take zuwa!" aka kwashe da dariya. Duk da haka Auta ta zaro shi. Kan ya langaɓe gefe ɗaya yana lilo a jikin salatif, ga wani abu toka-toka ya bushe a ragar, da gashi a jiki. Ta tsaya riƙe da shi tana kallo. Sai na ga ta ɗaga shi ta buga a tafin hannunta yadda ta saba. Bai amsa ba.

Koci ya kori yaran waje, ya buɗe ƙofofi, ya kawo leda ya karɓi gawar da mutuncin da ba ta samu a gida ba. Auta ta yi ta wanke hannu har fatar ta yi ja, sannan ta je ta zauna a mota. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Muka iso gida na tarar da 'yan'uwan biyu a falo suna kallon ƙwallo. Na ajiye ledar a teburin tsakiya, kusa da farantin gyaɗarsu, na kwance bakinta.

"Haba Matar Yaya! Muna cin abu fa!"

"Shi ma ai ci ya yi. Wa ya mayar da shi jaka?"

"Ai na wanke shi. Har turarena na sa masa, mai kyan ma."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na ga kamar ba za ta lura ba. Yarinya ce fa."

Na juya ga babansu ina jiran ya ce wani abu irin na uba. Ya rage sautin talabijin, ya gyara zama, ya yi irin muryar da yake yi idan zai raba gardama.

"Ni fa tun a shago na gaya miki," ya ce. "Da kin bari an ɗauki babban nan, da ko kusa ba zai shiga ramin ba."

Na tsaya ina kallonsa. Na daɗe ina aikin asibiti, na ga miki iri-iri, na wanke abin da mutum ba zai so ya ji labarinsa ba, amma ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar wannan maganar ba. Ɓeran ma ban ji ƙyamarsa haka ba, shi bai zaɓi inda zai mutu ba. Wato laifin ba na ƙaton da ya tura kayan yarinya cikin ƙazanta ba ne, ba kuma na uban da ya tsaya kallo ba ne, laifin kayan ne da ya yi daidai da ita. Kuma Auta na tsaye a bakin labule, duk ta ji.

Marigayi ya rasu ya bar jakarsa, wadda yanzu haka take kan igiyar shanya rai a hannun Allah, an wanke, an jiƙa, an sake wankewa, kuma ba a sa ran za ta tashi. Ya bar 'yan ƙwallaye biyu masu shuɗin ɗigo, marayu, waɗanda na ɓoye a jakar hannuna tun da na ji Baba Ƙarami na cewa girmansu ɗaya da ramin wurin wanke-wanke, za su yi kyau da toshewa. Ya bar tabarau na kare ido. Ya bar takalmin wasa mai farin tafi, wanda shi kam ya fi ƙafarta da lamba biyu, domin ranar sayensa ina wurin aiki. Ya bar tsohon buroshin haƙori da ya yi masa hidima har ƙarshe, da ƙusa biyu. Sannan ya bar yarinya ɗaya, da gwaji ranar Asabar wanda ta ce ba za ta je ba.

Jiya da safe ina taje mata kai na ce mata za mu koma shagon a sake wani kafin Asabar. Sai ta ce:

"Umma, in za a saya, a saya babba."

Na tsayar da mataji. "Babba kuma? Kin manta wuyan hannunki?"

"Zan riƙe da hannu biyu. Babba ba ya shiga rami. Abba ya faɗa."

Jama'a, wannan maganar ita ce ainihin rasuwar da nake sanarwa. Raket ana sayen wani. Amma yarinyar da ta tsaya a shago ta ce ita ke jan abu ba shi ke jan ta ba, gidan nan ya koya mata cewa abin da ya yi daidai da ita ba ya tsira, gara ta haƙura da wanda zai ji mata ciwo. Na ajiye matajin na juyo da ita muna kallon juna. Na ce mata ba ƙanƙantar raket ce ta kai shi rami ba, manya ne marasa kunya suka kai shi, kuma ko babanta na tsaye zan maimaita. Na ce za a saya daidai hannunta na yau, in ta girma ta wuce shi a sake wani. Yaran da suka toshe hanci kuwa, ta je ranar Asabar ta rufe musu baki a cikin fili. Ta murza yatsunta, sannan ta yi mini tambayar da ta nuna mini ba a gama karya ta ba.

"To a ina zai riƙa kwana?"

Ga yadda aka tsara rakiyar marigayi zuwa makwancinsa. Za a fitar da gawa gobe Juma'a da safe, idan motar shara ta iso bakin layi. Baba Ƙarami ne zai ɗauka, da hannunsa, ba safar hannu, tunda shi ya yi jinyar. Babansu zai bi shi a baya da buhun abin da aka kwaso daga ramin, wanda har yanzu yake jingine a bayan kicin ba wanda ya ga ya kamata ya ɗauke shi. Ba za a buɗe fuskar mamaci ba, saboda lafiyar jama'a. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida, domin falo bai gama shan iska ba. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da tsofaffin raket ɗin tanis da suke ajiye a sito tun zamanin samartakarsu, an riga an kawo biyu, an kuma mayar. Duk wanda ya ce "ai abin wasa ne", ko ya ce "za ta girma ta manta", za a raka shi bayan kicin a ɗaga masa murfi.

Daga wurin motar shara ni da Auta za mu wuce shagon, mu biyu, ba ma neman ɗan rakiya. Za ta tsaya cak ta saki hannu ƙasa, a sake gwaji daga farko. Magajin marigayi ba zai taka gidan nan ba ko na wuni ɗaya. Koci ya ba shi masauki a ɗakin wasa, wani ɗan kabad na ƙarfe a layin ƙasa, inda hannunta ke kaiwa ba sai ta yi ɗage ba. Makullinsa ɗaya ne tak, babu na uwa, babu na uba. Na riga na zura shi a 'yar igiyar da za ta riƙa ɗaurawa, kuma da zan yanke igiyar sai da na kira ta na auna wuyan hannunta, na yanka daidai, ban ƙara ko faɗin yatsa ba.